Zagaye da Babbar Gada

Mijin yayata direban motar shanu ne, kuma kaf tasha babu wanda ya san shi da wani suna sai Zagaye. Ni ma da shi nake kiransa tun ina yarinya, lokacin da aka kai ni gidansu in taya Yaya raino. In na ce, "Zagaye, ga ruwan wankanka can yana hucewa," sai ya dubi Yaya ya ce, "Wannan ƙanwar taki, wa zai kwasa da wannan baki?" An dai samu wanda ya kwasa daga baya, bakin kuma yana nan inda yake.

Sunan ya samo asali ne daga hanya. Tsakanin garinmu da babban birni akwai kogi mai faɗi, gadoji biyu ne a kansa. Babbar gada tana kan miƙaƙƙiyar hanya, in Allah ya taimake ka ka tashi da hantsi, kafin azahar kana cikin birni. Matsalarta cunkoso. Kasuwa ce a bakinta ta nan, kasuwa ce a bakinta ta can, ga shingen masu duba takardu, ga manyan motoci da ba su da wurin lalacewa sai tsakiyarta. Ƙaramar gada kuwa tana can sama da nisa, sai ka bar kwalta ka shiga burji, ka ratsa ƙauyuka da gonaki, ka tsallaka, sannan ka sake gangarowa. Tafiyar ta ninka ta babbar gada har da ɗoriya. Zagaye ta nan yake bi, rani da damina, da kaya ko ba kaya.

Ba haka kawai ya tsiri abin ba. Yana sabon direba, farkon da aka damƙa masa tirela, ya hau babbar gada da lodin shanu, wata tankar mai ta mutu a gabansa. Gaba ta toshe, baya ta toshe. Tun rana tana da sauƙi har ta take tsaka yana nan tsaye, ƙarfen bodi ya ɗauki zafi, shanun suka fara haki suna zubar da yawu. Ita saniya in ta gaji a mota durƙushewa take yi, in ta durƙusa kuma sauran su tattake ta. Masu rakiyar shanun suna ta jan jela suna duka don su tashe su, a banza. Ga ruwa shimfiɗe a ƙarƙashinsu, ba hanyar ɗebo shi. Kafin a janye tankar nan an yanka na yankawa a kan gadar, wasu ko wuƙar ba su jira ba. Sau ɗaya na ji ya ba da labarin nan da bakinsa, bai kuma ƙarasa ba, ya tashi ya ce zai duba taya.

Daga ranar ya kafa wa kansa doka. "Kaya mai rai ba ya son tsayuwa," in ji shi. "Muddin taya tana juyawa, iska tana ratsa bodi, dabba tana numfashi. Ka tsaya, ka kashe ta." Gaskiyar magana, dokar ta yi masa rana. Shanunsa a tsaye suke isa kasuwa, ba mai karaya, ba mai kumburi. Dillalai suna iya ƙyale mota uku a tasha su zauna jiran tasa. Sauran direbobi suna yi masa tsiya, suna cewa Zagaye in za shi bayan gida ma sai ya bi ta ƙaramar gada, amma in aka ba su lodi mai tsada a tsakiyar bazara, a ɓoye suke zuwa su tambaye shi yanayin burjin.

Mu 'yan gida mu muka sha wahalar dokar. Da ya sayi wata tsohuwar ƙaramar mota mai dogon baya, duk wata hidimar dangi a birni shi ke kai mu, kuma ba mu taɓa isa a kan lokaci ba. Sai an kwashe tabarmi an fara wanke tukwane za a gan mu mun shigo, jajaye wur da ƙurar burji har cikin kunne. Da wayar hannu ta zo, abokansa kan kira shi su ce, "Yau gada fayau take, yanzu na wuce." Sai ya ce, "Fayau take lokacin da ka wuce." Ya kashe wayarsa. Ni in yi ta masifa a baya, Yaya tana dariya tana cewa, "Ke dai ki ci gyaɗarki. Da aka kawo ni gidansa ma sai da aka zaga da ni."

Kada wani ya ɗauka mugun mutum nake ba da labari. Zagaye bai taɓa ɗaga wa Yaya murya a gabana ba. In ya dawo daga tafiya, kafin ya cire takalmi sai ya leƙa madafa ya ga ko hayaƙi yana damunta, don tun tana da ƙuruciya ƙirjinta ba shi da ƙarfi. Shi ya fasa bangon madafar da hannunsa ya yi mata taga ta biyu. Ni kaina da aurena ya mutu na dawo da akwati ɗaya, shi ya share mini ɗakin da yake ajiye tsofaffin tayoyi, bai tambaye ni ko me ya faru ba. Taurin kai ne da shi a kan abu ɗaya tak, kuma shekara da shekaru abin yana ba shi gaskiya, to wa zai karɓe masa?

Ciwon Yaya ya tashi ne a ƙarshen bazara, shekarar da gashin Zagaye ya gama yin fari. Tari ya fara, ya koma haki, har ta kai ba ta iya kwanciya sai a jingine. Muka kai ta ƙaramin asibitin garinmu, suka sa mata abin shaƙar iska a hanci da baki, ta kwana biyu ba sauƙi. Da safe likita ya kira mu ya ce abin ya fi ƙarfinsu, sai babban asibitin birni, kuma yau ba gobe ba. Motar asibitin tana gareji an sauke mata inji. Zagaye ya ce ba komai, ga tasa.

Wata nas mai jiki, mai saurin magana, ita ta turo mana tukunyar oksijin har bakin mota. 'Yar ƙarama ce, tsawonta bai wuce hannuna ba, da wani ɗan agogo a wuyanta mai allura ɗaya. Ta nuna mini da yatsa.

"Kin ga allurar nan? In ta sauka kan ja, iskar ta ƙare. Ita kaɗai ce muke da ita da za ta shiga mota. Ta babbar gada za ta kai ku, ko kun ɗan tsaya a cunkoso akwai rara. Amma ban da tsaye-tsaye, ban da yawo."

Na ce, "Zagaye, ka dai ji."

Ya ce, "Na ji." Yana ta kwantar da kujerar baya yana shimfiɗa katifa, bai ɗago ba.

Babban ɗansu, wanda muke kira Tela saboda sana'arsa, ba wurin da zai zauna, katifa da tukunya da ni mun cinye bayan motar, gaba kuma an cika ta da kaya. Aka yi shawara ya koma gida ya rufe shago, ya ɗauko wa uwarsa zannuwa, ya biyo mu a motar haya. Ya sunkuya ta taga ya ce, "Umma, ina bayanku." Ta ɗaga masa yatsu biyu.

Muka tashi da hantsi. Kan Yaya yana kan cinyata, hannuna ɗaya yana riƙe da tukunyar don kada ta gangara, tana ta huci a hankali. Tafiya ta yi tafiya har muka doshi mararrabar da hanya ke rabuwa, miƙe zuwa babbar gada, hagu zuwa burji. Tun daga nesa na ga ya fara rage gudu. A gefen titi akwai tankoki da tireloli a jere, direbobinsu suna zaune a inuwar motocin. Na ga yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Sai na ji ƙarar sigina.

"Zagaye, me kake yi?"

"Kin ga motocin can? Ba banza suka tsaya ba. Gaba a toshe take."

"Kullum a nan suke tsayawa su ci abinci, kai ma ka sani. Ka tambaye su mana."

"In tambayi wa? Wanda yake zaune a nan me ya sani game da abin da ke kan gada?"

"To kira wani a waya."

"Kafin mu isa ta canza."

Ya karya kan motar hagu. Tayoyi suka sauka daga kwalta, na ji ƙarar tsakuwa a ƙarƙashinmu. Wallahi ban san lokacin da na fara ihu ba. Na ce nas ta ce ban da yawo. Na ce iskar ba za ta kai ba. Ya sa hannu ya sauke gilashinsa har ƙasa, ya miƙa ya sauke na ɗaya gefen, ya ce in sauke na baya duka biyun.

"Ji iska," ya ce. "Ji yadda take shigowa. In muka hau gadar nan muka tsaya, motar nan tanda za ta zama. Na ga abin da tsayuwa take yi da idona. Ke ba ki gani ba."

"Ba saniya ka ɗauko ba, Zagaye. Yayata ce."

"Numfashi duk numfashi ne."

Ba da gatse ya faɗa ba. Na ga idonsa a madubi, tsoro ne fal a ciki, irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Mutumin nan ya yi imani har zuciyarsa ceton ta yake yi. Na ce ya tsaya in sauka in tare wata motar, na ce zan buɗe ƙofa, na kira shi da sunayen da ban taɓa kiran babba da su ba. Ana cikin haka na ji Yaya tana jan gefen mayafina. Ta ɗaga abin shaƙar daga bakinta da ƙyar.

"Ƙyale shi," ta ce. "Ya san hanya."

Na mayar mata da abin a fuska na yi shiru. Ba don na yarda ba. Na ga ihun da nake yi yana sa ƙirjinta hawa da sauka da sauri, allurar kuma da numfashinta take tafiya.

Ban taɓa ganin tuƙi irin na ranar ba. Ya san kowane rami a burjin nan, ya san inda ruwa ya ci gefen hanya, ya san ƙauyen da awaki ke kwanciya a tsakiyar titi. Motar tana gudu amma ko girgiza kan Yaya ba ta yi. Bai taka birki ya tsaya ko sau ɗaya ba. Wani mai amalanke ya tare hanya, ya bi ta cikin gona ya fito gabansa. Lokaci-lokaci yakan ce, "Uwar gida, kina jin iska ko?" Ita kuma ta ɗaga yatsa, ni in ce masa ta ɗaga.

Ni kuwa idona yana kan allura. Da rana ta take tsaka ta wuce rabi. Na ciro waya in kira Tela, ba sabis, sai gonaki da itatuwa ta ko'ina. Na yi tunanin in rage ƙarfin iskar don ta daɗe, na taɓa abin murɗawar, na ji tsoro na janye hannuna. Na yi ta addu'a, duk wadda na iya da wadda na manta rabinta. Yaya ta buɗe ido ta dube ni, ta dubi ƙeyar mijinta, ta sake rufewa. Leɓɓanta sun fara canza launi.

Muna hawa ƙaramar gada allurar ta taɓa ja. Gadar ba kowa, sai wata mata da tulu a ka. Zagaye ya ce, "Kin gani? Ko tsayawa ba mu yi ba." Mun wuce gadar da ɗan nisa sai hucin tukunyar ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Na girgiza ta, na bubbuga ta da tafin hannu kamar wata tsohuwar rediyo.

"Ta ƙare," na ce.

Sai ya ƙara wuta. Iska ta riƙa bugowa ta tagogi huɗu har kaya suna tashi a gaba.

"Cire mata abin nan, ɗago kanta saitin taga," ya ce. "Ɗago ta sosai."

Na ɗago ta. Me zan yi in ban ɗago ta ba? Na rungume ta ta baya, na jingina fuskarta a bakin taga, iska tana kaɗa ɗankwalinta har ya zame ya tafi. Ga iska iya iska tana dukan fuskarta, ƙirjinta ya kasa ɗauka. Ina jin yadda take ja, ta tsaya, ta sake ja. Na yi ta faɗa mata kalmar shahada a kunne. Ta ja wani dogo, na jira na gaba, bai zo ba.

Na daɗe ina jira kafin na yi magana.

"Zagaye, tsaya."

"Ba a tsayawa. Mun kusa kwalta."

"Ka tsaya. Yaya ta rasu."

Na ga kafaɗunsa sun motsa. Bai waiwayo ba, bai kalli madubi ba, bai kuma cire ƙafarsa daga kan totur ba. Haka muka hau kwalta, haka muka shiga birni, yana ratsa motoci yana danna ham, ni ina baya rungume da gawar yayata ina rufe mata ido da baki. Sai a ƙofar babban asibiti ya taka birki, bayan la'asar.

Tela yana tsaye a bakin ƙofar da keken marasa lafiya a gabansa, ƙullin zannuwan uwarsa a kan keken. Wanda muka bari a gida. Ya rugo yana tura keken yana cewa, "Ina kuka shiga? Tun azahar nake nan, na yi ta kira ba ya shiga. An ba mu gado, likita ma ya..." Sai ya leƙo ta taga ya ga fuskata, ya ga yadda na lulluɓe uwarsa. Ya saki keken, keken ya tafi da kansa har ya bugi bango.

Zagaye ya kashe mota ya fito. Ya dafa bonet. Bai zo wajenmu ba. Ya dubi ɗansa.

"Ta ina kuka biyo?"

"Ta babbar gada, Baba."

"Yaya ka same ta?"

Na buɗe baki. Na rantse da Allah na buɗe baki, maganar tana kan harshena, don lissafin ba ya buƙatar malami: yaron da ya tashi bayanmu ya riga mu da sa'o'i. Tela ya dube ni, ya dubi ubansa da ke dafe da mota, tsoho, fari fat da ƙura.

"A cunkushe take, Baba," ya ce. "Tirela ce ta faɗi a tsakiya. Da ƙafa na tsallaka, na hau wata motar a can gefen. Da ta can kuka bi, da har yanzu kuna kai."

Zagaye ya gyaɗa kai a hankali. Ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da taya, sannan ya fara kuka.

A barandar asibitin, muna jiran a gama abin da za a gama, na ja Tela gefe. Ban ma tambaye shi ba. Ya ce, "Inna, ko rage gudu ba mu yi ba sai a shingen masu duba takardu. Don girman Allah kada ki faɗa masa. Na rasa ɗaya yau, ba zan iya rasa biyu ba." Na ce masa uwarsa fa, wa zai tsaya mata? Ya ce, "Ita da kanta me za ta ce ki yi?" Na san amsar, kuma na ji haushin sanin ta. Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba tun ina yarinya, ranar ɗan cikin yayata ya rufe shi.

Na yi fushi da Zagaye fushi mai tsanani, har yau ban ce ya gama sauka ba. Wata da watanni ban gaishe shi ba, in na ajiye masa abinci sai in juya. Bai taɓa tambayata dalili ba. Ya koma tuƙi na ɗan lokaci, sannan idonsa ya fara yin hazo, masu motar suka karɓi makullinsu. Ƙaramar motar tana nan a ƙofar gida, tayoyinta sun sace, kaji suna kwana a ƙarƙashinta.

Yanzu yini yake a kan benci a bakin ƙofa. Ƙananan direbobi sukan tsaya su gaishe shi, wani lokaci su tambaye shi hanya. Da, kafin ka rufe baki ya ce ka bi ta sama. Yanzu sai ya ce, "Ku tambayi waɗanda suka fito can," ya kau da kai.

Tela yana zuwa duk ƙarshen mako da 'ya'yansa. Yakan zauna kusa da uban, su taɓa hirar shago, da tsadar yadi, da ciwon gwiwa. Ni ina daga ciki ina jin su ta tagar madafa. Hirar takan yi nisa ta mutu. Daga nan sai in ji tsohon ya gyara murya.

"Ranar nan, yaya ka ce ka samu gadar?"

"A cunkushe, Baba."

"Tirela ce ka ce ta faɗi?"

"Tirela ce."

"To," in ji shi.

Mako mai zuwa zai sake tambaya.